Na shiga nazarin laifuka don in zama mai bincike, Baba ya ce gadi nake koyo

Assalamu alaikum. Ina shekarar farko a jami'a, sashen nazarin laifuka da tafiyar da harkokin tsaro. Na zaɓi sashen ne da tunanin zan koyi ɗaukar zanen yatsu da bin sawun masu laifi. Yau zango biyu ke nan ban ga ko ɗaya ba, sai ilimin zamantakewa da doka da ƙididdiga, ita ƙididdigar ma na faɗi jarrabawarta. Mahaifina kuma kullum cewa yake na tafi jami'a koyon gadi. Karatun ya fara fita daga raina. In canza sashe tun da wuri ne, ko in daure? In na daure, wane aiki ke jira na?

Ɗalibi mai neman mafita

Wa alaikumus salam, ƙanenmu.

Kada ka bar sashen saboda ƙididdiga, kada kuma ka bar shi saboda maganar Baba. Dalili ɗaya ne tak zai sa mu ce ka tattara naka ya naka ka koma wani wuri, bari mu fara da shi ka ga ko da kai ake.

Ɗaga zanen yatsu daga jikin ƙofa, gwajin jini da na DNA, gano bindigar da ta harba harsashi, duk aikin ɗakin gwaje-gwaje ne. Tun da Edmond Locard ya buɗe ɗakin gwaji na 'yan sanda a birnin Liyon na Faransa a 1910, ɓangaren ya karkata ga masu kimiyya, kuma yau waɗanda suka karanta kemistiri da bayoloji da kimiyyar binciken laifuka ake nema a can. Abin da sashenku zai ba ka bai wuce kwas ɗaya ko biyu na gabatarwa ba: yadda ake killace wurin da abu ya faru, yadda ake rufe shaida a rubuta wanda ya ɗauka da wanda ya karɓa da lokaci. Idan ka tabbata farar riga da na'urar gwaji kake so, to ƙarshen shekarar farko ne lokacin tashi. Ka je ofishin sashen da kake son komawa kafin a buɗe rajistar sabuwar shekara, ka tambayi abu uku: darussan sakandare da suke sharɗantawa, matsakaicin makin da suke karɓa, da kuma ko za a lissafa maka kwasa-kwasan da ka ci ko daga farko za ka sake. Ka nemi amsar a rubuce. Ka kuma sani cewa lissafin da ke can ya fi wanda ka gudo wa nauyi.

Idan kuwa abin da ya ja ka shi ne son sanin dalilin da ya sa ake sata a wannan layi ba a yi a wancan, da yadda za a tare ta, to ba ka ɓata hanya ba. Shekarar farko ce ba ta nuna fuskarta.

Sunayen da ake ta cusa muku a aji suna da amfani in ka riƙe su a matsayin gardama guda mai tsawo. Cesare Beccaria a 1764 ya ce tabbacin cewa za a kama mutum ya fi tsananin hukunci hana laifi. Cesare Lombroso a 1876 ya ce wasu da laifin aka haife su, har ana iya gane su a siffar jiki. Charles Goring ya zo a 1913 ya auna fursunonin Ingila, ya gwada su da waɗanda ba fursunoni ba, bai sami wannan siffar ba. Lura da abin da ya kashe maganar Lombroso: awo ne da lissafi. Daga baya Edwin Sutherland ya ce laifi koyonsa ake yi a cikin abokan hulɗa kamar yadda ake koyon sana'a. A 1979 Lawrence Cohen da Marcus Felson suka kawo bayanin da mai aikin tsaro ya fi morewa: laifi yana faruwa ne idan mai niyya da abin da ya dace a ɗauka suka haɗu a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, babu mai tsaro. Hausawa sun riga su faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai nazarin laifuka yana tambayar ƙadangaren, mai tafiyar da tsaro yana neman tsagar. Digirinka ya haɗa su biyun, kuma na biyun ne ya fi saurin ba da aiki.

Yanzu ƙididdiga. A nan za mu daɗe, don nan ciwon yake.

Galibin abin da hankali ke ba mutum game da tsaro, idan aka auna sai a ga akwai gyara. A Kansas City ta Amurka, tsakanin 1972 da 1973, an raba yankunan sintiri 15 gida uku: wasu aka janye sintirin mota na yau da kullum, wasu aka bar su yadda suke, wasu aka ninka musu sau biyu zuwa uku. Da aka ƙirga, yawan laifi bai nuna wani bambancin kirki ba. A 1989 kuma Lawrence Sherman da abokan aikinsa suka duba kiran da aka yi wa 'yan sandan Miniyapolis na shekara guda, sama da 300,000, suka tarar rabin kiran daga kusan kashi 3 cikin 100 na adireshin birnin ya fito. Haɗa biyun ka ga darasin: yawo a ko'ina ba ya tsinana abin kirki, a tattara ƙarfi a 'yan wuraren da abin ke taruwa. Ba wanda ya gano haka da gudu ko da bindiga. Wanda ya zauna ya ƙirga ne ya gano.

Ga wani. Jamus ta Yamma ta tilasta sa makullin sitiyari a duk motoci, sababbi da tsofaffi, a 1963, satar mota ta ragu sosai. Birtaniya ta yi haka a 1971 amma ga sababbin motoci kaɗai, sai ɓarayi suka koma kan tsofaffin. Wanda ya duba sababbin motoci kawai zai ce an yi nasara. Tambayar "ina laifin ya koma?" ita ce ake biyan masanin wannan fanni ya yi.

Abin da ke kayar da ɗalibai a ƙididdiga kusan ɗaya ne: haddar dabarun lissafi ba tare da taɓa lambobin gaske ba, sai daren jarrabawa a kwana a kai. Ka sake lale. Da farko ka je wurin malamin ka roƙi ya nuna maka inda ka zubar da maki. Sau da yawa ba a lissafin ba ne, a fassara sakamakon ne. Sannan ka yi rajistar maimaita kwas ɗin a damar farko, domin kwas ɗin dabarun bincike na gaba a kansa yake zaune, kundin kammala karatu kuma a kan wancan. In ka ɗage shi zuwa shekarar ƙarshe, zai iya riƙe maka digiri gaba ɗaya.

Ka ware minti 40 kullum, kwana biyar a mako, ka bi wannan jeri ba tsallake: kaso cikin ɗari, sai adadi bisa yawan jama'a, sai matsakaici da lambar tsakiya, sai yadda lambobi ke warwatse, sai teburin da ke gicciye abu biyu, sannan gwaje-gwajen da ke nuna ko bambanci na gaske ne ko dace ne. Kowanne ka fara yi da hannu a kan lambobi 20, sannan ka maimaita a Excel. Gwada wannan yanzu. A ce gari na farko yana da mutum 50,000 an yi sata 400 a shekara, na biyu yana da 300,000 an yi 900. Wanne ya fi haɗari? Raba 400 da 50,000 ka ninka da 100,000, za ka sami 800. Na biyun 300 zai ba ka. Garin da aka fi jin ƙararsa ya fi aminci kusan sau uku. In ka fahimci wannan, ka riga ka wuce masu yawan sharhi a kan tsaro.

Lambobin gwaji kyauta suke a intanet. Birnin Shikago na Amurka yana wallafa rahotannin laifukan da aka yi a cikinsa daga 2001 zuwa yau, 'yan sandan Ingila da Wales suna fitar da nasu wata-wata, Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da laifuka yana da na ƙasashe. Sauke na wata guda daga na Shikago, ka gano ranar mako da awar da aka fi fasa gida, ka ɗora wuraren a taswira da manhajar QGIS, wadda ita ma kyauta ce. Amma ka riƙe a ranka cewa lambar 'yan sanda tana ƙirga abin da aka kai ƙara ne kawai aka kuma rubuta. Idan aka buɗe sabon ofishin 'yan sanda a unguwa, lambobin suna iya tashi don mutane sun sami wurin kai ƙara, ba don ɓarayi sun ƙaru ba. Shi ya sa Amurka tun 1973, Birtaniya tun 1982, suke bin gidaje suna tambayar mutane kai tsaye ko an yi musu wani abu. Ɗalibin da ya rubuta "laifi ya ƙaru" ba tare da ya faɗi wace lamba yake nufi ba, malami mai kula zai ja masa jan layi.

Mu zo ga gadin da Baba ke faɗa. Bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, don masu gadi suna cikin abin da za ka riƙa tafiyarwa. Amma ga irin tambayoyin da ke kan teburin manajan tsaro. Ƙofa ɗaya da ake so a tsare dare da rana, mutum nawa take ci? Mako yana da awa 168. In kowane ma'aikaci yana yin awa 40, ana bukatar mutum 4.2, kuma da ka sa hutu da rashin lafiya da horo, kusan biyar ke nan. Wanda ya ɗauki biyu ya ce su yi karɓa-karɓa na awa 12 babu ranar hutu, ya sayi barci ne a bakin ƙofa, kuma ba laifin masu gadin ba ne. Kyamarar tsaro guda mai aika megabit 4 a daƙiƙa tana cin wurin ajiyar hoto kusan gigabayit 43 a rana, wato terabayit 1.3 a kwana 30. Guda 16 sun haura terabayit 20. Wanda bai yi wannan lissafin ba zai zo neman hoton satar da aka gano bayan mako uku ya tarar na'ura ta goge shi tun kwana na biyar.

Ginshiƙin fannin shi ne tsarin tsaro ya yi abu huɗu a jere: ya tsorata mai niyya, ya gano shi in ya matso, ya ɓata masa lokaci, sannan a kawo ɗauki. Lokacin da shinge da ƙofa da kwaɗo za su ci wa ɓarawo, daga sanda aka gano shi, dole ya fi lokacin da masu ɗauki ke bukata su iso. Ƙofar da za ta ba da kai a minti 3, alhali ɗauki sai minti 8, kyamarar da ke kanta fim ɗin satar kawai za ta ɗauka. Haka ake auna haɗari: ka jera kadarori, mutane a gaba, ka rubuta barazanar da ke kan kowacce da kafar da za ta bi, ka ba yiwuwar faruwa maki 1 zuwa 5, girman ɓarna 1 zuwa 5, ka ninka. Mai 20 ko 25 shi ake fara kashe wa kuɗi. Kuskuren sababbin shiga shi ne su bi abin da ya fi ban tsoro a labarai su manta da wanda ya fi faruwa, irin gobara, da makullin da bai dawo ba bayan ma'aikaci ya bar aiki, da satar cikin gida. Ɓarawon gida wuyar kamu gare shi, kuma binciken Donald Cressey na 1953 a kan masu cin amanar dukiya shi ne tushen abin da masu binciken zamba ke dubawa har yau: matsin da mutum ba ya iya faɗa wa kowa, damar da ya samu, da uzurin da yake ba kansa. Damar ce kaɗai ke hannun manaja, shi ya sa ba a barin mutum ɗaya ya nemi kaya, ya amince da biya, ya kuma karɓi kayan.

Wani abu da ba a cika koyarwa da kyau ba shi ne rubuta rahoton abin da ya faru, alhali da shi ake gwada mai neman aiki. Shafi ɗaya: wa, me, yaushe, a ina, ta yaya, da matakin da aka ɗauka. Lokaci a rubuta shi da awa da minti. Abin da ka gani daban, abin da aka faɗa maka daban tare da wanda ya faɗa. Kada ka rubuta "ɓarawon", ka rubuta "mutumin da ake zargi", don rahoton yana iya zuwa kotu, lauya kuma daga wannan kalmar zai fara warware shi. Ka riƙa rubuta ɗaya duk mako ka ba wani ya karanta. In ya yi maka tambayar da ba ta cikin takardar, rahoton bai cika ba.

Lokacin aikin sanin makama, ka nemi inda za a ba ka takardu da lambobi ka taɓa: sashen tsaro na asibiti ko masana'anta, sashen binciken zamba na banki ko kamfanin inshora, sashen walwalar fursunoni. Ka fara nema wata shida kafin lokaci, ba a fafe gora ranar tafiya. In kuma ka sami damar tsayawa a bakin ƙofa na wata ɗaya ko biyu a hutu, kada ka raina. Manajan da bai taɓa kwana a ƙofa ba yakan rubuta dokokin da ba mai iya bi da ƙarfe uku na dare.

Kundin kammala karatu yana da ramuka sanannu. Na farko, zaɓar batun da lambobinsa ke hannun hukumar da ba za ta ba ka ba. Ka ga lambobin da idonka kafin ka miƙa batun. Na biyu, hira da fursunoni ko yara, wadda ke bukatar izinin hukuma da na kwamitin ɗa'ar bincike, kuma izinin yana iya cin zango guda. Na uku, tambaya marar iyakar lokaci: kada ka ce "an taɓa yi maka sata?", ka ce "a cikin wata 12 da suka wuce", ka kuma ɗaure farkon lokacin da wani abu da mutum zai tuna, don mutane sukan jawo tsohon abu su sa shi a bana. In kana son sakamakon da kuskurensa bai wuce kashi 5 sama ko ƙasa ba a cikin jama'a masu yawa, kana bukatar kusan mutum 385 da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a. Mutum 385 daga cikin abokan ajinka ba su cika wannan sharaɗi ba. Kada ka rubuta sunan wanda ya amsa, kada kuma ka kutsa cikin masu laifi da sunan bincike. Katin ɗalibi ba ya kare mutum ranar da aka kai samame.

Batun aiki kuma, gaskiya ɗaya ce: digirin ba ya sa maka kaki. 'Yan sanda, kwastam, shige da fice, gidajen gyaran hali, kowa yana da ɗaukar ma'aikatansa da makarantar horonsa, da sharuɗɗan shekaru da lafiya da ƙarfin jiki, kuma za ka yi takara da masu digirin wasu fannoni. Duba iyakar shekarunsu tun yanzu ka lissafa shekarunka ranar kammalawa, don kwas ɗaya da ya ƙara maka shekara zai iya rufe ƙofar. Lauya ma sai da digirin shari'a. Inda takardarka ke da nauyi shi ne nazarin alƙaluman laifuka, tsaron kamfanoni, hana asarar kaya a manyan shaguna da ɗakunan ajiya, binciken zamba, sashen bin ƙa'idojin hana halatta kuɗin haram a bankuna, tsaron ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, kula da masu ɗaurin talala, da koyarwa. In banki ne ya ja ka, karanta shawarwari 40 na FATF, hukumar ƙasa da ƙasa mai yaƙi da halatta kuɗin haram da aka kafa a 1989, su ne ma'aunin da ƙasashe ke bi. In tsaron kamfanoni ne, ka san ma'aunin ISO 31000 na tafiyar da haɗari, ka kuma san ASIS, ƙungiyar ƙwararrun ma'aikatan tsaro ta duniya, da shaidar ƙwarewarta ta CPP, wadda sai da shekarun aiki ake zama jarrabawarta. Shaidar CFE ta masu binciken zamba ita ma tana neman gogewar aiki. Ka yi hattara da masu sayar da "shaidar ƙwarewa" bayan taron kwana biyu. Kafin ka biya, duba tallan ayyuka 20 ka ga ko akwai wanda ya ambace ta.

Duk waɗannan ayyuka ana tona tarihin mutum kafin a ɗauke shi. Satar jarrabawa da ta shiga fayil, kamu a kan ƙwaya, ba wa aboki aron asusun banki ya karɓi kuɗin da ba ka san tushensu ba, zagi da barazana a Facebook, kowanne ya isa ya sa a ajiye takardarka ba tare da an faɗa maka dalili ba.

Shi kuwa Baba, kada ka ja da shi. Iyaye kan yi irin wannan maganar ne idan ba su ga inda karatu ya dosa ba. Ka nemi izininsa ka zagaya wurin aikinsa ko gidanku sau biyu, da rana da kuma bayan duhu ya yi. Ka ƙirga ƙofofi da tagogi, ka rubuta wanda ke riƙe da kowane makulli, inda haske bai kai ba, inda za a iya taka wani abu a haura, inda abin kashe gobara yake da ranar da aka duba shi. Ka fitar da haɗari biyar mafi girma da makinsu, kowanne da gyaransa, ka sa waɗanda ba sa cin ko kwabo a sama. Shafi biyu sun isa. Ka miƙa masa cikin ladabi, ka ce ya duba ya gyara maka inda ka yi kuskure.